Marurun da ya ƙi jin kafso, yana ta zagaye gida

Maman Biyu:
Slm 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah masana lafiya na cikin zauren nan ina da tambaya. Wai me yake sa maruru ya dinga zagaye gida ne, ya fito ma wannan ya warke ya koma kan wancan? Babban yarona ne ya fara a cinya, muka ɗauka tautau ne ya cije shi, kafin kace me abu ya kumbura yayi tauri yana zogi ko tafiya baya iyawa, aka bashi Ampiclox ya shanye tas amma kamar ruwa yake sha, da ƙyar ya fashe da kansa. Yanzu ƙanwarsa ta fito dashi a hammata babansu kuma a ƙeya. Akwai wani antibayotik da yafi Ampiclox ƙarfi ne in siyo musu gaba ɗaya?

Tsohon Soja:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Wannan ai dattin jini ne ke fita, ki bar shi ya fita, in aka danne shi da magani ciki yake komawa. Ki dinga gasa musu da ruwan ɗumi, in ya nuna a matse sosai har uwar ta fito shikenan. Mu lokacin muna bariki kusan kowa sai da ya yi, babu wanda ya je asibiti a kan maruru.

Ɗan Gayu:
Anti ki nemi Augmentin ko ayi musu allurar Rocephin wlh nan take zai bushe. Ampiclox ai ya zama tsohon yayi

Nas Mai Aikin Dare:
Yaya dan Allah kar ki siyo komai tukuna. Ɗan Gayu kai kuma ka daina rubuta ma mutane magani a zaure haba. In har abin da nake zargi ne, wato ƙwayar cutar staf ɗin nan mai taurin kai da bata jin magungunan da aka saba, da ake kira MRSA, to Ampiclox da Augmentin da Rocephin duk jirgi ɗaya ya kwaso su, babu wanda zai taɓa ta ko ki sha katan guda.

Baba Soja da girmanka, gashin ruwan ɗumin na yarda dashi ɗari bisa ɗari, yana taimakawa ƙarami ya nuna ya fashe da kansa. Matsewar ce ban yarda ba. In ka matse da ƙarfi ba waje kaɗai mugunyar take bi ba, wata tana tsagawa ta shiga naman da ke gefe, gobe ka ga kumburin ya ninka, kuma hannun da ya matse shi ne zai kai ta hanci ko jikin wani yaron. Sannan maganar barikin da ka yi ai ita ce hujjar cewa ba jini bane, mutane da yawa a ɗaki ɗaya, ana aron tawul da reza, ga ƙujewa wurin atisaye, a duk duniya barikin soja da gidan yari da ɗakin kwanan ɗalibai su ne wuraren da abin nan yafi ɓarkewa.

Tsohon Soja:
To 'yata in ba jini ba ne me ya sa wani yana ɗaki ɗaya da mu bai taɓa yi ba, wani kuma duk wata sai ya yi?

Likitan Zaure:
Tambayar Baba tana da kyau. Ƙwayar cutar sunanta Staphylococcus aureus, ita ce ake taƙaitawa a ce staf, kuma ba baƙuwa bace a jikin mutum, kusan mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da ita a cikin hancinsa lafiya lau bai san ma tana nan ba, wasu a hammata ko matsematsi. Matuƙar fata a rufe take babu abin da take yi. Sai ta samu ƙofa, yankan reza, susar cizon sauro, ƙyasbi ko ƙaiƙayin da aka sosa ya ɗaye, ko ramin gashi, sai ta shiga. Jiki ya turo fararen ƙwayoyin jini su yaƙe ta, gawarwakinsu da na ƙwayar cutar da mataccen nama su ne mugunyar da kuke gani. To wanda duk wata sai yayi, galibi shi ne mai ɗauke da ita a hanci, kullum yana ƙara shafa ma kansa da farcensa, ko kuma yana da ciwon suga bai sani ba, ko fatarsa ce mai saurin tsagewa. Wancan da bai taɓa yi ba wataƙila baya aron reza ne kawai.

Masu ɗauke da MRSA ɗin kanta basu kai haka yawa ba, hukumar CDC ta Amurka tana cewa wajen mutum 2 cikin 100, amma lissafin yana bambanta sosai daga ƙasa zuwa ƙasa.

Ɗan Leb:
Nas ina da ja kaɗan. Kin yi saurin cewa MRSA. Ba duk marurun da yaƙi jin Ampiclox bane MRSA, ko staf ɗin gama-gari ce in ta tara mugunya ta yi ma kanta ɗaki to magani baya isa tsakiyar wurin sosai saboda jini baya shiga can, sai kaga mutum ya sha maganin da a faranti a leb yana kashe ƙwayar amma a jikinsa shiru. Ga kuma jabun magani, ga shan sau biyu a maimakon sau huɗu. Ido baya bambance MRSA da wadda ba ita ba, ko farfesa ne ya duba, sai an ɗebi mugunyar an shuka

Nas Mai Aikin Dare:
Ai zargi nace Malam ban ce tabbas ba. Amma mutum uku a gida ɗaya a jere kuma maganin farko bai yi ba, dole a sa ta a lissafi.

Ɗan Leb:
Eh a sa ta a lissafi na yarda. Kawai banaso Maman Biyu ta tafi da tsoro ko ta je kemis tace a bata maganin MRSA. Yaya abin da za ki nema a asibiti shine in za'a tsaga na yarinyar a ɗebi mugunyar ta CIKI a kawo mana, ba a goga auduga a saman fata ba dan saman fata kowa ma zaka samu staf kala-kala. Muna shukawa a faranti ta tsiro, sannan mu ɗora mata ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban muga wanne ya hana ta tsirowa kusa dashi, akwai na sefoksitin wanda in ta tsallake shi mun san MRSA ce. Yana ɗaukar awa 48 zuwa 72. Kuma in da hali a ɗiba kafin a fara sabon antibayotik

Maman Biyu:
Toh ni inaga jikinmu ne ya saba da magani gsky, dan yaran nan ko mura suka yi sai na basu amoksisilin

Famasis:
Hajiya ba jikinku ne ya saba ba, jikin mutum baya sabawa da antibayotik, ƙwayar cutar ce take canzawa. Shiyasa jaririn da bai taɓa shan ko ɗigon magani ba zai iya kamuwa da wadda bata ji, tunda a haka ta zo masa daga jikin wani. Amma amoksisilin ɗin murar nan yana da hannu ta wata hanya, mura bairos ce baya mata komai, abin da yake yi shine ya share ƙwayoyin da ke jin magani a hanci da fata ya bar ma masu taurin kan fili su yi ta haihuwa.

Bari in ɗan yi bayanin me yasa Augmentin ma bazai yi ba tunda Ɗan Gayu ya kawo shi. Ƙwayar nan tana da katanga da ta kewaye ta, akwai wani sinadari a jikinta da shi ne maginin katangar. Duk dangin fenisilin aikinsu su kama maginin nan su ɗaure shi, katanga ta rushe ƙwaya ta fashe. Dabarar farko da staf ta koya ita ce fitar da wani abu mai tsinka fenisilin tun kafin ya iso, shi ne aka yi Augmentin da kuloksasilin ɗin da ke cikin Ampiclox dominsa. Ita kuwa MRSA ba tsinka magani ne ƙarfinta ba, ta samo wani ƙwayar gado mai suna mecA wanda yake bata wani magini na daban, PBP2a, wanda maganin baya iya riƙe shi. Kamar an canza kwaɗon ƙofa ne, duk makullan da ke hannunka na tsohon kwaɗon ne, ko na zinare ne bazai buɗe ba. To tsadar magani ko kasancewarsa allura ba shi ne ƙarfi ba.

Ɗan Gayu:
To ni dai da nayi nawa Augmentin nasha ya tafi

Famasis:
Ko dai naka mai jin magani ne, ko kuma ya fashe da kansa ya zubar ka ba Augmentin ladan. Ƙananan marurai da yawa ko ba'a sha komai ba in suka fashe warkewa suke.

Hajiya Babba:
Subhanallahi wai staf ɗin nan ba shi bane ciwon sanyin da ake cewa yana hana haihuwa? Ni ina ganin masu talla a Facebook kullum staf staf, wai yana yawo a jiki kamar tsutsa yana kashe ƙarfin namiji. Yanzu kuma ku ce a hancin yara yake?

Likitan Zaure:
Hajiya wannan maganar ta ci kuɗin mutane ba kaɗan ba. Staf bata cikin jerin cututtukan saduwa irin su gonoriya da tunjere. Gaskiya ne in fata ta gogi fata tana iya tsallakawa, ko wurin kokawa ne ko wurin kwanciyar aure, amma ba ita ce ke toshe mahaifa ko tsinka maniyyi kamar yadda masu tallan ke faɗa ba. Abin da ke faruwa sau da yawa, a ɗebi fitsari ko a goga auduga a gaban mace, samfurin ya taɓa fata, leb ta rubuto an ga staf, shikenan a ɗora ma baiwar Allah allurai na sati da satittika alhali ƙwayar zamanta kawai take a fatar. Kuma irin wannan ɗirkar maganin ba gaira ba dalili shi ne takin da ke raya masu taurin kan.

Admin:
Na goge saƙon wanda ya turo tallar maganin wanke staf da lambar waya. Duk wanda ya sake zan cire shi ba sai na yi gargaɗi ba. A ci gaba.

Malamin Kimiyya:
Ni abin da ke bani mamaki a tarihin abin nan saurinsa. Fleming ya gano fenisilin a 1928, aka fara amfani dashi sosai a shekarun 1940, kuma shi da kansa a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 ya ja kunne cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya ma ƙwayoyin cuta jure masa. Kafin shekarun 1950 su ƙare staf ɗin asibitoci da yawa ta daina jin fenisilin. Aka fito da wani sabon magani ɗan dangin fenisilin mai suna metisilin wajen 1960 dan a magance wannan, a 1961 wata masaniya a Ingila, Patricia Jevons, ta bada rahoton staf ɗin da bata jinsa. Ko shekara biyu ba'a rufa ba.

Har ma daga baya da aka bi ƙwayoyin gadon tsofaffin samfura aka ga alamar ta samu mecA ɗin tun tsakiyar shekarun 1940, kafin a ƙera metisilin ɗin ma. Kuma a 2022 wani bincike ya fito cewa wani nau'in MRSA yana jikin bushiya a Turai tun kusan shekara 200 da suka wuce, saboda akwai wani naman gwari a fatar bushiyar mai fitar da abu irin fenisilin, ƙwayar ta koyi zama dashi. Ikon Allah

Ɗan Gayu:
Bushiya kuma 😂 Malam ka kaimu daji

Likitan Zaure:
Malam ya yi daidai, amma akwai gaɓar da ta fi shafar tambayar Maman Biyu. Shekaru wajen 30 MRSA ciwon asibiti ce, sai wanda aka yi ma tiyata, ko mai wankin ƙoda, ko tsohon da ya daɗe a kwance. Likita in ya ga lafiyayyen yaro daga gida ko tunaninta baya yi. A farkon shekarun 1990 aka fara ganinta a ƙauyukan 'yan asalin Ostiraliya ta Yamma wurin mutanen da basu da alaƙa da asibiti. A 1999 CDC ta bada rahoton yara 4 da suka rasu a jihohin Minesota da Dakota ta Arewa, an fara musu da maganin da aka saba bayarwa bai yi ba. Daga nan wani nau'i da ake kira USA300 ya mamaye Amurka, har a 2004 da aka bi sashen gaggawa na asibitoci 11 aka samu kashi 59 cikin 100 na masu zuwa da ƙurji mai mugunya MRSA ce. A ƙasashe irin su Holan da Denmak kuma har yanzu kaɗan ce ƙwarai, dan haka kar wani ya ɗauki 59 ɗin nan yace ko'ina haka ne.

Ta cikin gari ta bambanta da ta asibiti ta fuska biyu. Na farko tafi son fata kuma tafi zafin nama, da yawa daga cikinsu suna ɗauke da wata guba mai suna PVL mai huda fararen ƙwayoyin jini, kuma ƙurjin kan zo da zafi da baƙin tsakiya har mutum ya rantse gizo-gizo ne ya cije shi alhali bai ga gizon ba. Wannan maganar ta tautau da kika yi ita ce ta fara sa ni kasa kunne. Na biyu, wanda shi ne sauƙin da Allah ya kawo, yawanci tana jin wasu tsofaffin magungunan sha da ba dangin fenisilin ba.

Maman Biyu:
Likita wanne ne dan Allah

Likitan Zaure:
Zan faɗa dan ilimi amma ba dan ki siyo ba. Kuma kafin magani, babban maganin maruru mai mugunya wuƙa ce, a kashe wurin a tsaga a kwashe a wanke. Wannan shi ne kan gaba ko MRSA ce ko ba ita ba. Bayan an tsaga ne ake duba ko a ƙara da na sha, Septrin ko doksisaikilin ko kilindamaisin, galibi kwana 5 zuwa 10. In abin ya shiga jini sai kwanciya da bankomaisin ta jijiya.

Nas Mai Aikin Dare:
Likita to ai mu an koya mana in an tsaga ƙarami ba sai an bada komai ba, yanzu kuma naga kowa ana haɗa masa da Septrin

Likitan Zaure:
Sista duka biyun suna da gindi. Da haka ake koyarwa, kuma har yanzu mafi yawa tsagawar kaɗai tana warkar dasu. Sai a 2016 wani babban gwaji a Amurka ya nuna waɗanda aka ba Septrin bayan tsagawa wajen kashi 80 cikin 100 sun warke, waɗanda aka ba na bogi wajen kashi 74, kuma sabon ƙurji ya ragu a masu shan maganin. Ribar akwai amma ba babba bace, sai a auna ta da illar maganin. Ni a ganina ƙurji ɗaya ƙarami a lafiyayyen babba ba zazzaɓi, tsagawa ta isa. Amma in suna da yawa, ko babba ne, ko jan ya bazu, ko ƙaramin yaro ne ko tsoho ko mai suga, ko yana ta dawowa kamar gidan Maman Biyu, zan haɗa.

Famasis:
Kuma dalilin da yasa bama so a je a siya kai tsaye kenan. Septrin yana da salfa, akwai waɗanda in suka sha fatarsu da bakinsu da idonsu ke saluɓewa kamar ƙuna, abin yana kisa, ba'a ba jariri sabon haihuwa, ana kaffa-kaffa dashi ga mai ciki da mai ciwon ƙoda da mai shan wasu magungunan hawan jini. Doksisaikilin ba'a saba ba mai ciki da yaro ƙasa da shekara 8 ba. Kilindamaisin yana iya kawo muguwar gudawa, kuma akwai MRSA ɗin da a leb zata nuna kamar tana jinsa ana fara sha ta juya, Ɗan Leb ya san gwajin da suke yi na musamman dan kama wannan. Mutum uku a gidanki Hajiya zai iya yiwuwa magani uku daban za'a basu.

Tsohon Soja:
Duk na ji. Amma ni har yanzu ina ganin ana girmama abu ne, maruru dai maruru ne, tun kakanni ake yinsa.

Nas Mai Aikin Dare:
Baba mafi yawansu haka ne zasu fashe su warke ba wanda ya musa. Matsalar ɗaya cikin da yawan nan ne da baya tsayawa a fata, ya shiga jini ya sauka a ƙashi ko gaɓa ko bawul ɗin zuciya ko huhu. Mu da muke karɓarsu da daddare mun san kamarsu. Abin da zai sa a tafi asibiti a daren ba sai gobe ba, zazzaɓi ko rawar sanyi, kumburi yana faɗaɗa kana gani, wani jan layi yana hawa sama daga ƙurjin, zafin da yafi girman ƙurjin nesa ba kusa ba, yaro ya ƙi taka ƙafa ko ya ƙi shan nono, numfashi sama-sama musamman bayan mura mai zafi. Jariri kuwa ko ɗan ƙaramin ƙurji mai ruwa ne a kai shi.

Sannan na fuska, daga karan hanci zuwa leɓen sama, dan girman Allah kar a matse, jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai.

Wani abu kuma, littattafai suna cewa a duba ja, to a baƙar fata jan baya fitowa sosai, sai dai kaga wurin ya ƙara duhu yana sheƙi, in ka taɓa da bayan hannu yafi gefensa zafi. Ki samu biro ki zagaye iyakar kumburin, in da safe ya tsallake layin kin san gaba yake yi.

Likitan Zaure:
In ƙara ma Baba da lissafi. Binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da basa jin magani, MRSA kaɗai ta ɗauki sama da 100,000. Galibinsu ba daga maruru bane, gaskiya, amma ƙwayar ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin waɗanda ake buƙatar sabon magani dominsu tun 2017.

Koci:
Ni wannan zancen ya taɓa ni dan ina da yara masu buga ƙwallo a hannuna. Na taɓa karanta labarin ƙungiyar St. Louis Rams ta ƙwallon Amurka irin ta cacumar nan, a kakar 2003 'yan wasa 5 cikin 58 suka kamu, kuma duk a inda ciyawar roba ta ƙuje musu fata ne, gwiwa da gwiwar hannu, ga tawul ana ta miƙa ma juna a gefen fili ga shiga kwamin wanka tare ba'a yi wanka ba. Ƙungiya mai likitocinta da kuɗinta fa kenan. Mu nan tawul ɗaya yara goma suke goge zufa dashi

Ɗalibar Hostal:
Wlh mu ma a ɗakinmu haka, soso da sabulu da reza ta aske hammata duk ana ara, in ka hana ace kana da ƙyanƙyami. Ni nawa a hammata da matsematsi yake fitowa shekara da shekaru yana barin tabo da ramuka, nasha antibayotik har na gaji

Likitan Zaure:
Ƙanwata naki ki je wurin likitan fata musamman. Wanda yake zama a hammata da matsematsi da ƙasan nono kawai, yana dawowa wuri ɗaya yana barin ramuka masu haɗewa ta ƙasa, akwai wani ciwon fata daban mai suna hidradenitis da ake yawan ɗauka maruru ne, ba'a ɗaukarsa daga wani kuma maganinsa daban. Ban ce shi bane tunda ban gani ba. Kuma duk mai yawan maruru a gwada suga, a kuma duba man da yake shafawa, mayukan da ke da sitiroid irin na ƙara hasken fata suna sirantar da fata su kashe mata garkuwa.

Maman Biyu:
Nagode sosai Allah ya saka. Gobe in sha Allah zan kai yarinyar. To amma ya zanyi da gidan, dan in an warkar da ita wani ya sake fitowa dashi ai an koma gidan jiya

Nas Mai Aikin Dare:
Nan ne aikin yake Yaya kuma yafi shan magani wahala. Kowa da tawul ɗinsa da sosonsa, ko da ɗinka zare mai kala ne a jiki dan yara su gane. Rezar babansu da kilifarsa nashi ne shi kaɗai, kuma ya dakata da aske ƙeyar har ta warke. Duk mai ƙurji a rufe shi da bandeji busasshe, in ya jiƙe a canza, tsohon a ƙulle a leda a jefar, a wanke hannu da sabulu kafin da bayan. A yanke ma yara farce dan susa da ƙwaƙular hanci su ne motar da take hawa. Zanin gado da rigar filo da kayan ciki a wanke su bushe ƙarau, a goge in da hali, dan ƙwayar nan tana iya kwanaki har makonni a kan yadi da roba. Man shafawa na gwangwani da kowa ke tsoma yatsa shima a raba. Sanitaiza mai alkohol kashi 60 zuwa sama tana kashe ta, taurin kanta a kan antibayotik ne ba a kan sabulu da alkohol ba.

Famasis:
In duk anyi wannan ya sake dawowa, akwai abin da likita kan rubuta ma gidan gaba ɗaya lokaci guda, man mufirosin a cikin hanci safe da yamma na kwana 5 ko fiye da wanka da ruwan kashe ƙwayoyin cuta mai suna kulohekzidin. Amma a yi shi tare, in aka yi ma mutum ɗaya aka bar sauran to bayan wata ɗaya ya sake karɓa daga wurinsu. Kuma ko an yi daidai tana iya dawowa bayan watanni, ba wankin dindindin bane.

Hajiya Babba:
Ni naji ance a zuba bilic a ruwan wanka

Famasis:
Akwai shi a likitance Hajiya amma awo ne ƙanƙani a ruwa mai yawa kuma likita ke faɗin awon, ba a tuttula ba, ba'a kuma zuba shi a kan ciwo. Mufirosin ɗin ma kar a mayar dashi man shafawa duk ƙurjin da ya fito a lakata, an riga an samu staf ɗin da shima bata jinsa a wuraren da aka yi ta amfani dashi barkatai.

Koci:
Likita tambaya ta ƙarshe daga ni. Ina da ɗan baya ɗaya mai shi a ƙwauri kuma muna da wasa ƙarshen sati, yaron yace baya jin zafi sosai. In ajiye shi ko in naɗe masa ya buga?

Likitan Zaure:
Koci in yana zubar da ruwa ko bandejin bazai zauna ba in yayi gudu da zufa, ajiye shi, kuma kar ya shiga wurin wanka ɗaya da sauran. In ya bushe kuma za'a iya rufe shi ruf ta kowane gefe ya zauna har a tashi, zai iya bugawa, haka ma ɗan makaranta ba sai an hana shi zuwa aji ba in a rufe yake. Amma ƙwauri wurin da ake sa abin kare ƙafa ne, zai dinga gogar wurin kuma yaran suna musayarsa, ni da nine bazan saka shi ba wannan satin. Ka tara su ka duba gwiwoyinsu da cinyoyinsu duka kafin atisaye, da wuya ace shi kaɗai ne.

Koci:
Kai Likita shine fa ɗan bayan da nake ji dashi

Nas Mai Aikin Dare:
To ka zaɓa Koci, shi kaɗai wannan satin ko rabin tim wata mai zuwa. Kuma ka siyo musu tawul dan Allah